Masu Allura Na Zuwa

Shafi na 14

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban kawo ci gaba ba za ta biyo ni gida. Ki zo 'yar'uwa, akwai wanke-wanke na jiran ki. Ku kuma masu zagin Baban Lauya tun shafin baya, ku riƙe zaginku a hannu kada ya zube, mu je zuwa.

*

Kwamanda ba ta ce musu su zauna ba.

Abin da ya fara tsinka wa Maman Lauya zuciya ke nan. Tun da ta shiga aikin sa-kai a jam'iyyar nan ta masu neman gyara, ba ta taɓa shigowa ofishin ba a turo mata kujerar roba ba. Ofishin ma tsohon shagon aski ne, madubin na nan manne a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, in ana yi maka faɗa sai ka ga fuskar mai faɗan sau biyu. A saman madubin aka liƙa alamar jam'iyya, allura da zare, wai ƙasa ce ta yage, ɗinki take so. Shi ya sa duk unguwa ba mai kiran su da wani suna sai 'yan allura.

Kwamanda ita ce shugabar masu aikin sa-kai na unguwar. Tsohuwar ma'aikaciyar kashe gobara ce, har yanzu kuma magana take kamar akwai wuta a bayanta.

"Kowa bibbiyu yake fita ƙwanƙwasa ƙofa," ta ce. "Kowa yana dawowa da labari. Wani a ba shi ruwa, wani a zage shi. Zagin ma riba ne, aƙalla an buɗe. Ku fa?"

Maman Lauya ta saci kallon Ritaya, abokin fitarta. Dattijon ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, babu lungun da bai sani ba, kuma tun rasuwar matarsa wannan farar rigar ta jam'iyya ce kawai ke fitar da shi daga gida. Kullum a goge take, har da kari a kafaɗa.

"Anti, mu ma abin ya ɗaure mana kai," Maman Lauya ta ce.

"Ya ɗaure muku kai."

"Wallahi. Kafin mu shiga layi an rufe ko'ina. Ka ƙwanƙwasa, sai ka ji gudu a ciki. Can sai wata 'yar murya ta ce ba kowa."

"Ba kowa, amma da murya."

"Shi ne ai."

"Jiya har na hango wasu sun haye katanga," in ji Ritaya a hankali. "Ko a zamanin da nake kai wa mutane sammaci ba a guje ni haka ba."

Kwamanda ba ta yi dariya ba. Ta dafa tebur ta ranƙwafo.

"Ku saurare ni. Da na ga abin ya yi yawa, na daina faɗin layinku a mitin. A kunne nake gaya muku, ku biyu, ana gobe za ku fita. Ko mataimakina bai sani ba. Jiya ma an rufe. To ku taya ni lissafi, ni ban yi nisa a makaranta ba. Mutum uku suka sani. Ni ban faɗa ba."

Fankar sama sai ƙara take ba iska.

"Ɗayanku na kai wa mutanen jam'iyyar da ke mulki labari, su kuma su riga ku zuwa su tsorata jama'a. Ban san da me suke tsorata su ba, amma zan sani. Da yamma akwai mitin. Kafin a tashi, ɗayanku zai ajiye rigar nan a teburin nan."

"Haba Anti..."

"Ba haba. Mu da muke cewa a tona ɓarna, ba za mu kwana da ita a ɗaki ba."

Da suka fito, Ritaya ya daɗe yana neman yadda zai mayar da hular kansa.

"'Yata," ya ce, "ni dai na san ba ke ba ce."

"Ni ma na san ba kai ba ne, Baba."

Ta faɗa ne da gaskiyarta. Amma tana faɗa wani abu ya soke ta, domin in ba shi ba ne kuma ba ita ba ce, to daga gidan ɗayansu maganar ke fita. Shi kuwa Ritaya ba kowa a gidansa sai kyanwa.

*

Ba ta koma shagon wanki da guga inda take aikin safe ba. Kai tsaye ta yi shagon mijinta.

Firji-firji ne jere a bakin ƙofa, duk bakinsu a wangale, ga fankoki marasa kai an jingine a bango, ga ƙaurin dalma. Ƙafafunsa kawai ta gani sun leƙo daga bayan wani ƙaton firji. Ta san firjin. Na ofishin jam'iyyar da ke mulki ne, shi yake gyara musu duk sanda ya lalace, kuma ba ya wata bai lalace ba. Ga shi dama tun farko bai so shigarta wannan harka ba, cewa yake siyasa ba ta dafa shinkafa.

"Baban Lauya."

"Miƙo min filayar nan da ke kusa da ƙafarki."

Ba ta miƙa ba.

"Tsakaninka da Allah, kai ne?"

Ya turo kansa waje, gumi har cikin ido. "Ni ne me?"

"Kai kake gaya musu layin da za mu je?"

"Su wa? Wane layi?"

"Masu firjin nan."

Ya dubi firjin, ya dube ta, ya sake duban firjin kamar shi zai ba shi amsa.

"Maman Lauya, lafiyarki kuwa?"

"Kada ka mayar da ni mahaukaciya! Za a kore ni yau, ko a kori bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Daga gidana maganar ke fita. Kai kake shiga ofishinsu kana fita. Kai ka ce in bar wannan aikin. In ban zarge ka ba, wa zan zarga, tukunya?"

Ya tashi zaune sosai, ya goge hannu da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta san wannan gogewar. In ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, hannu yake gogewa.

"Na ce ki bari, gaskiya ne. Kika ƙi, na yi shiru. Na taɓa hana ki fita?"

"A'a."

"To bari in tambaye ki. Yaushe rabon da ki zauna ki gaya min wani abu, har in samu na kai wa wani? Ki fita guga ina barci, ki dawo ki sa farar riga ki fice, in na shigo kin gaji. Ni ko sunan mai takararku ban riƙe ba. Firji suke kawo min, firji nake mayar musu."

Ya miƙo mata hannu.

"Filayar," ya ce.

Ta miƙa masa. Ya koma bayan firjin.

A hanya kanta ya ƙara kullewa. Da ya yi mata ihu da ta ce rashin gaskiya ne, da ya yi dariya da ta ce borin kunya ne. To wannan fa, a wane kwando za ta sa shi? Kunya take ji, haushi take ji, kuma har yanzu ba ta san wa take jin haushi ba.

*

A ƙofar gidansu ta tarar da wata mata da goyo, tana fifita da gefen mayafi. Ba ta taɓa ganin ta ba.

Suka gaisa. Matar ta ƙare wa farar rigar kallo, da 'yar jakar da ke rataye a kafaɗarta, ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ke ce mai allura?"

Jama'a, ku ji daɗin da ya kama Maman Lauya. Duk wahalar nan ta ƙwanƙwasa ƙofofi, yau ga mutum da ƙafarsa ya biyo jam'iyya har gida.

"Ni ce, 'yar'uwa! Shigo, shigo. Lauya! Kawo wa baƙuwa ruwa!"

Ba a amsa ba. Ta ɗebo ruwan da kanta, ta share kujera, ta zauna ta fuskanci matar yadda aka koya musu, gwiwa da gwiwa, ba a tsaye a kan mutum ba.

"Da ƙyar na gano gidan," matar ta ce. "Jiya kun zo layinmu, na bayan makarantar nan, ban samu ganin ku ba."

"Ai mun ƙwanƙwasa har hannu ya yi ciwo. Ba komai. Mu ƙa'idarmu, tambaya muke fara yi. Me ya fi damun ki?"

"To, zazzaɓi ne dai jefi-jefi. Sai ɗan tari."

"Kin gani ko! Ai shi ya sa muka fito. Mutum ya je asibiti tun safe, layi har titi..."

"Wallahi kuwa. Shi ya sa na ce gara ku da kuke bi gida-gida."

"Allah Ya yi miki albarka. Da kowa zai gane haka ai da an huta."

"A hannu kuke yi ko a cinya?"

Maman Lauya ta tsaya.

"Na'am?"

Matar har ta kwance goyon, ta kwantar da jaririn a cinyarta, tana tattare masa wando.

"Na ce a hannu ko a cinya? Shi dai wancan karon a cinya aka yi masa, ya kwana biyu yana kuka."

"A'a, 'yar'uwa, mu ai... mu da baki muke yi."

"Au, ta baki ce? To da sauƙi." Ta matse wa yaron kumatu. "Buɗe, buɗe a ɗiga maka."

"Tsaya! Tsaya don Allah. Me za a ɗiga?"

"Allurar mana."

"Wace allura?"

Suka zuba wa juna ido. Jaririn ya samu an sake masa baki ya callara kuka.

"Ba ke kika ce ke ce mai allura ba?"

"Ta jam'iyya! Allura da zare, ga ta nan a ƙirjina. Siyasa ce, baiwar Allah. Ƙuri'a muke nema."

Matar ta matso ta leƙa hoton da ke jikin rigar, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah. To ai ga zaren nan kuwa da suke faɗa."

"Su wa?"

"Yara mana. Su suka zo da labarin daga makaranta. Wai masu allura na zuwa, masu farar riga da jaka, wata mata da wani tsoho. Wai allurar ta kai tsawon muciya, har da zare, in an soka sai an ɗinke wajen. Babbar 'yata jiya tana dawowa ta danna wa ƙofa sakata, ta kwashe ƙannenta suka shige ƙarƙashin gado. Ina can baya ina wanki, na ji bugu, ta ce min masu talla ne. Sai da ƙaramin ya yi fitsari a wando don tsoro na ji gaskiyar zance. Na ce kai, kada a yi wa 'ya'yan kowa a bar nawa."

Maman Lauya ta gyara zama.

"To... ta yaya suke sanin ranar da za mu zo?"

"A aji ake sanarwa. Gobe layi kaza, kowa ya yi ta kansa. Har na wasu azuzuwan suna zuwa tambaya lokacin tara."

"Wa ke sanarwar?"

"Oho. Wai wata ce a ajinsu, mai bakin tsiya, ko malamai ba sa kayar da ita a musu."

A ƙasan labulen ɗaki akwai wasu 'yan yatsun ƙafa da suka leƙo. Maman Lauya na kallon su, suka ja da baya a hankali.

Ba ta san yadda ta sallami matar ba. Ta dai tuna ta kwatanta mata ƙaramin asibitin da ke bayan tasha, ta kuma miƙa mata takardar jam'iyya saboda sabo. Matar ta karɓa ta ci gaba da yi wa yaron fifita da ita, tana tafe tana mita, wai mutum ya bar wankinsa a jiƙe ya zo a ce masa ƙuri'a.

*

Lauya na zaune a bakin gado, hannu a cinya, kamar mai jiran alƙali. Shekararta tara. Tun tana ƙarama in aka ce kwanta sai ta ce saboda me, in aka ce saboda na ce, sai ta ce wannan ba dalili ba ne. Kakarta ce ta laƙa mata sunan, ya bi ta har ya haɗa da iyayenta.

Maman Lauya ta rufe ƙofa.

"Ke ce?"

"Mama, ke kika ce ba a hukunci sai an ji ta bakin mutum."

"To ga ni, ina jin ta bakin mutum."

"Sai kin yi alƙawari."

"Ni za ki kafa wa sharaɗi? A ɗakina?"

"In ba ki yi ba ba zan faɗa ba. Ko kin dake ni."

Idon yarinyar ya ciko, amma haɓarta na sama. Uwar ta san wannan haɓar, tata ce.

"Alƙawarin me?"

"Ba za ki gaya wa kowa ba. Ba Baba, ba Anti Kwamanda, ba 'yan ajinmu. In 'yan ajinmu suka ji babu allura, kashe ni za su yi. Akwai wadda ta kwana a gidan kakarta saboda ni."

Abu na farko da ake koya wa ɗan sa-kai a jam'iyyar nan shi ne kada ka yi wa mutum alƙawarin abin da ba ka san ƙarshensa ba, don da haka waɗancan suka kashe ƙasa. Maman Lauya ta sha faɗa wa sababbin shiga. Amma kanta ya yi zafi, so take kawai ta ji.

"Na yi."

"Ki ce na yi alƙawari."

"Na yi alƙawari. Faɗi."

Lauya ta ja hanci.

"Da farko ba da gangan ba ne. Ana faɗin aikin iyaye, kowa na cika baki, ni ma na ce mamata 'yar allura ce, gobe ma za ta zo layin su wance. Sai na ga sun firgita. Na so in gyara, aka buga ƙararrawa."

"To na farko kuskure. Sauran fa? A ina kike jin layin? Ko babanki ban gaya wa ba."

"Ke kike gaya min."

"Ni?"

"In muna gwaji."

Nan Maman Lauya ta nemi gefen gado ta zauna. Gwaji! Kullum ana gobe za ta fita, sai ta sa Lauya ta shiga ɗaki ta rufe, ita kuma ta ƙwanƙwasa daga falo, don bakinta ya saba. Lauya ta buɗe a matsayin matar gida, yau mai faɗa, gobe mai kurumta, jibi wadda tukunyarta ke kan wuta. Kuma kafin a fara sai ta tambaya, Mama gobe wane layi ne, don in san irin matar da zan zama. Ita kuwa har daɗi take ji, tana cewa yarinyar nan da kai take aiki.

"Kika yi ta yi musu ƙarya."

"Ban yi ƙarya ba. Cewa na yi masu allura na zuwa. Ba ku ba ne?"

"Tsawon muciya fa? Da ɗinkin?"

Lauya ta sunkuyar da kai. "Wannan ƙari ne."

Dariya ta taso wa uwar, ta danne ta.

"Saboda me, Lauya? Me na yi miki? Kin san yadda nake dawowa ƙafata a kumbure? Kin san dattijon nan da ciwon gwiwa yake bi na? Ba don ku nake yi ba? Ba don makarantarku ta samu rufin kirki ba?"

"Na sani."

"To saboda me?"

Yarinyar ta daɗe tana murza bakin zanen gado.

"Ranar farkon, da aka rufe muku ƙofa, kin dawo da wuri."

"Sai aka yi yaya?"

"Kika tsefe min kai. Kika ga haƙorina ya fita, kika ce yaushe. Mama, ya daɗe da fita, har sabon ya fara leƙowa." Ta haɗiye yawu. "Sai na ga in an buɗe miki, sai na yi barci kike shigowa. In an rufe, kina dawowa."

Lauya ta ɗago kai ta ci gaba.

"Kuma kin ce ku fara tambayar mutum me ke damun sa, ku yi shiru ku ji. Kowa kina tambaya. Ni sai na zama matar layin kasuwa kike tambaya ta."

Wallahi da a ce marin ta aka yi da ya fi mata sauƙi. Ta ɗaga hannu, ita kanta ba ta san ko duka za ta kai ko jawo ta za ta yi ba, hannun ya tsaya a sama ya gaji ya sauko a kan cinyarta. Yarinyar nan ta yi laifi, babba ma. Ta tsorata 'ya'yan mutane, ta wahalar da tsoho, ta sa uwarta ta je ta tsaya a kan mijinta ta kira shi munafuki a shagonsa. Ya kamata a hukunta ta. To amma wa zai yi hukuncin, ita da ba ta san haƙorin 'yarta ya fita ba? Ga Baban Lauya, da wane baki za ta ba shi haƙuri, tunda in ya ce to waye, ta riga ta ɗaure harshenta?

Wani tunani kuma ya lallaɓo, wanda ya fi ba ta tsoro. In ta yi shiru, ba Lauya kaɗai ta rufa wa asiri ba, har da kanta, don da bakinta maganar ta fita. Shin alƙawarin take son cikawa, ko rigar take son riƙewa? Ta duba zuciyarta ta kasa rabe ɗaya daga ɗaya.

"Mama, kin yi fushi?"

"Ban sani ba."

"Ai mutum yana sanin in ya yi fushi."

"Lauya, yi min shiru."

Wayarta ta ɗauki ruri a cikin jaka. Sai a lokacin ta lura rana ta sauka daga taga. Mitin!

Kwamanda ce. Ta ɗauka.

"Anti, ga ni nan, yanzu zan..."

"Ba sai kin yi gudu ba," in ji Kwamanda. Muryarta na amsa kuwwa, ga hayaniyar mutane da jan kujeru. "Na buɗe wayar, kowa na jin ki. Mun gano bakin zaren."

"Kun gano?"

"Mutum biyu sun ga Ritaya shekaranjiya a teburin mai shayi, shi da direban ɗan takarar waɗancan, kai da kai, suna ƙus-ƙus."

"Ƙanin marigayiya matata ne," muryar dattijon ta taso daga nesa. "Surukina ne, jama'a. Maganar ciwon ƙafarsa muke. In gan shi in ƙi gaishe shi?"

"Ka gaya mana kana da suruki a can?"

"Ba a tambaye ni ba..."

Hayaniya ta tashi. Wani ya ce a cire rigar kawai. Kwamanda ta buga tebur.

"Maman Lauya, ke kike yawo da shi. Ya riga ya ɓalle maɓallai, amma na ce ba zan karɓa ba sai na ji ta bakinki. Kin taɓa ganin wata alama?"

"'Yata," Ritaya ya ce. Ya matso kusa da wayar, har numfashinsa take ji. "Ki gaya musu. Ni in na ajiye rigar nan, ina zan je da safe?"

"Ba shi ba ne," ta ce. Maganar ta fita tun kafin ta yi shawara da kanta. "Anti, wallahi ba shi ba ne."



"Kin rantse," in ji Kwamanda a hankali. "Mai rantsuwa haka ya san wani abu. Ku biyu ne. In ba shi ba ne, ke ce?"

"A'a... wato... ba yadda kuke zato ba ne."

"To yaya ne? Faɗi wanda ya yi."

Lauya ta sauko daga gado. Ta kama gefen farar rigar da hannu biyu ta ƙanƙame, hawaye na bin kumatunta, tana girgiza kai.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, "kin yi alƙawari."

Maman Lauya ta kai tafin hannu ta toshe wayar, amma ta makara.

"Alƙawarin me?" in ji Kwamanda. "Wace ce wannan ke magana kusa da ke?"